Ma'aikatan kare yara na ta ajiye aiki: ina gizo ke saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekara biyu ke nan da aka ɗora ni a kan wani rukunin ma'aikatan kare yara a nan Damagaram. Mu tara muka fara, huɗu sun tafi. Biyar ɗin da suka rage suna zuwa biro, amma kamar an zare musu laka. Mai zuwa da sassafe a da, yanzu sai goma ta gota. An daina gardama a taro, duk abin da na ce sai "to". Manyana sun ce matsalar albashi ce, kuma ba a hannuna take ba. Shin kuɗin ne kawai? Akwai abin da ni zan iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya taya ki riƙo.

A duk wasiƙarki abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "to" ɗin nan. Huɗun da suka tafi sun tafi, an san gurbinsu, ana iya neman wasu. Wanda ke zaune a gabanki yana cewa "to" alhali da can shi ne mai ɗaga murya a kan dosiyen yaro, shi ma ya tafi, gangar jikinsa ce kawai ke sa hannu a rajistar zuwa aiki. Kuma yara na hannunsa. Na shafe sama da shekara ashirin a wannan aiki, tsakanin sabis na gwamnati da ƙungiyoyi, kuma ni kaina na taɓa zama mai "to" ɗin har kusan shekara guda, don haka ba daga littafi kaɗai zan ba ki amsa ba.

Mu fara sallamar maganar kuɗi, don manyanki ba su yi ƙarya ba. Mafi ƙarancin albashi a nan Nijar jika 42 ne tun watan Janairun 2024, kuma da yawa daga masu shiga ƙauyuka da unguwanni abin da suke karɓa bai yi masa nisa sosai ba. Wasu ƴan bautar ƙasa ne na shekara biyu, da ɗan alawus da ke zuwa lokacin da ya ga dama. Wasu ƴan kwantiragi ne na wata shida ko tara, waɗanda tun wata na huɗu hankalinsu ya koma kan ko za a sabunta. A garin da in bazara ta tsaya mutum ke sayen ruwan sha jarka-jarka a hannun ƴan ga-ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da na lura da shi kuwa, jinkirin albashi ya fi ƙanƙantarsa cin rai. Ɗan kaɗan mai zuwa ranar da aka sani ana iya tsara rayuwa a kansa. Wanda ba a san ranarsa ba shi ke sa magidanci ya riƙa canza hanya saboda mai kanti.

Akwai kuma tsanin da kowa ya sani. Gwamnati ta horar da mutum, ƙungiyar gida ta ɗauke shi, ta ƙasa da ƙasa ta ƙwace shi daga hannun ta gida, daga nan sai Yamai. Bayan hare-haren Boko Haram a Difa da Boso a watan Fabrairun 2015, furoje-furoje suka yi yawa a can, na ga ƙwararrun abokan aikina da dama sun nufi gabas. Ban ga laifinsu ba. Amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da wasu masu ba da tallafi suka janye, sannan Amurka ta dakatar da agajinta na waje a Janairun 2025, ƙofofin nan sun ragu ƙwarai. Sai ki kula: raguwar masu ajiye aiki a irin wannan lokaci ba ta nufin an samu lafiya. Wurin zuwa ne babu. Watakila biyar ɗinki suna cikin wannan hali.

To amma in da kuɗi ne kawai, da ƙasashen masu kuɗi sun huta. Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka na 2003 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ma'aikatan kula da yara ke barin aiki duk shekara a can, kuma matsakaicin zaman mutum a aikin bai kai shekara biyu ba. Mutanen da ke da mota da albashi kan kari ke nan. Ashe da wani abu a cikin aikin kansa.

A wajenmu sunan abin kunya. Bari in ba ki labari.

Kin san tun watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a sahara arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, da yawa kuma ƴan yankin Kance, idon duniya ya dawo kan masu tafiya bara Aljeriya. Daga ƙarshen 2014 aka fara maido su ayari-ayari, ta Asamaka da Agadas har zuwa nan. Mu ke tarbarsu. A wani zuwa, wata ƙungiya da nake yi wa aiki a lokacin ta tura mu mu rubuta sunayen iyaye mata da ƴaƴansu a wasu ƙauyuka, aka ce mu gaya musu za a ba su jari da awaki don kada su koma. Muka shiga gida-gida, aka shimfiɗa mana tabarma, aka dama mana fura, muka tambayi mata abubuwan da ko ƴan uwansu ba su gaya wa ba. Wata uku shiru, wata shida shiru. Akwai wani matashin ma'aikaci a rukunina, mafi hazaƙa a cikinmu, ɗan yankin ne. Sai na ga ya daina zuwa gida ranar kasuwar garinsu. Da na matsa masa ya ce mata ke tare shi a tasha suna cewa, "Malam, ina awakinmu? Ko kun cinye ne?" Da awakin suka iso, rabin matan sun riga sun koma arewa da yaran. Shi kuwa ya kawo mini takardar ajiye aiki. Na ce masa ya yi haƙuri, ana maganar ƙarin albashi. Ya ce, "Hajiya, na gaji da yin ƙarya da bakin wasu." Yau yana koyarwa a wata lakwal, albashinsa bai kai na da ba.

Tun daga ranar na daina yarda cewa wahala ce ke korar mutanenmu. Ɗan Damagaram ya san rana, ya san rairayi, ya san kwana a kan benci a likita yana jiran a duba yaro. Abin da ba ya iya jurewa shi ne a tura shi ya buɗe cikin mutane sannan a bar shi hannu rabbana, mutuncinsa ya zube a garin da zai yi aure ya aurar. Ma'aikacin Turai in ya tashi aiki sai ya shiga jirgin ƙasa ya ɓace a cikin miliyoyin da ba su san shi ba. Naki kuwa sahu ɗaya yake sallar magariba da uban yarinyar da ya kai ƙararsa da safe, matarsa kuma za ta haɗu da uwar yarinyar a gidan suna.

Dubi maganar aurar da ƙananan ƴan mata, wadda ta fi kowace cin ma'aikata. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18. Dokar farar hula ta ba da damar aurar da mace daga shekara 15, yawancin aure kuma a kan al'ada ake ɗaura shi, ba ya ma bi ta wannan doka. Akwai dokar watan Disambar 2017 mai kare karatun ƴa mace, ita ce ƴar sandar da muke dogarawa in yarinyar ƴar lakwal ce. Da wannan kayan aiki ake tura ma'aikaciya ƴar shekara ashirin da biyar, wadda ita kanta watakila ba ta yi aure ba, ta tsaya gaban dattijo mai furfura a zaurensa ta ce a fasa. In an fasa, ita ce mai raba aure, ƴar aikin nasara. In an ɗaura da dare bayan tafiyarta, ita ce ta kasa. In magana ta kai gaban alƙalin yara, wanda dokar 2014 ta tsara aikinsa, shi zai yanke hukunci daga kan kujerarsa, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ita za a daina gaisarwa.

Saboda haka abu na farko da ke hannunki, wanda ba ya bukatar ko dala, shi ne ki hana a yi alkawari da bakin mutanenki. Duk abin da bai iso sito ba, kada ma'aikaci ya ambace shi a ƙauye. In manya sun nace a yi rajista kafin kaya su zo, ke ki je da kanki ki tsaya gaban mai gari ki ce, "Ƙidaya muke yi, ba mu zo da komai ba, in wani abu ya samu za ku ji daga bakina." Hukunci mai zafi ma haka: cire yaro daga gida, kai ƙara kwamisariya, rubuta wa alƙali. Sa hannunki ya hau takardar, kuma iyalin su san daga sama abin ya fito. An ba ki kujerar ne don ki zama inuwa. Ma'aikacin da ya san in ta ɓaci shugabarsa za ta ce "ni na sa shi" yana iya shiga gidan da wani ba zai shiga ba.

Kada ki raina wannan. A Ingila, bayan mutuwar wani yaro mai suna Peter Connelly a 2007 a hannun mutanen gidansu, jaridu suka yi wa ma'aikatan caa, aka kori wasu. Da gwamnati ta sa Farfesa Eileen Munro ta duba tsarin, rahotonta na 2011 ya nuna aikin ya karkata ga bin ƙa'idoji da cike takardu fiye da zama da yaro. Tsoron zargi ke haifar da haka: kowa ya koma kare kansa da takarda. Namu salon shi ne takardun masu ba da kuɗi. Kowane furoje da tasa, yaro ɗaya a rubuta shi sau uku a tsari uku, ƙarshen wata kuma tambayar da ke zuwa daga sama ita ce "yara nawa kuka taɓa?" Ba wanda ke tambayar ko yarinyar nan ta koma aji. Ki zauna ki duba takardun da kike nema a wurinsu, za ki tarar da waɗanda ba mai karanta su. Ki soke su, waɗanda ba ki da ikon sokewa ki haɗe su.

Sai nauyin dosiye. Ka'idojin da hukumomin agaji na duniya suka fitar a 2014 sun ce kada ma'aikaci ɗaya ya riƙe fiye da dosiye 25 a lokaci guda, mai duba aiki kuma kada ya wuce mutum biyar ko shida a ƙarƙashinsa. Na san kin yi murmushi. Jaharmu ta Damagaram da ƙidayar 2012 ta ba ta sama da mutum miliyan 3 da rabi, wadda ta fi kowace jaha yawan jama'a, kusan rabinsu yara, ga Tanut kusan kilomita 150 daga nan, Gure ta fi haka, ballantana Taskar. Ga kuma abin da ke faɗowa ba sallama: ayarin Aljeriya, almajiran da jihohin arewacin Najeriya suka maido lokacin korona a 2020, ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje har da tsohon masallacin Birni, ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Ba wanda zai ba ki 25.

Amma ki buɗe kabad ɗin kowannensu ki ƙirga. Na yi rantsuwa za ki tarar da mai dosiye tamanin wanda talatin daga ciki sun mutu a tsaye: yaron ya koma wurin iyayensa tun bara, iyalin sun yi ƙaura zuwa Kano, yarinyar ta haura shekara 18. Ba a rufe ba saboda ba wanda ya koya masa cewa rufewa ma aiki ne, ko kuwa saboda yawan lamba na yi wa rahoto kyau. Shi kuwa duk dare tamanin ɗin yake kwana da su a ka. Ku ware yini biyu, ke da shi, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ran yaro ke cikin haɗari a wannan mako a gefe guda, wanda ziyarar wata-wata ta ishe shi a gefe guda, wanda za a miƙa wa kwamitin kare yara na ƙauye ko na unguwa a miƙa da rubutu, sauran a rufe da sa hannunki. Na taɓa ganin wata ma'aikaciya ta fashe da kuka bayan irin wannan zama, don ta ce shekara uku rabon da ta ji ta gama wani abu. A aikinmu gamawa ba ta cika samuwa ba. Magini yana ganin katangarsa, ungozoma tana jin kukan jariri. Mu sai mun ƙirƙiro wa kanmu ranar da za a ce wannan an kammala.

Game da kwamitocin nan, waɗanda dokar 2019 ta ba su gindin zama, ki yi amfani da su amma kada ki mayar da su jakunan ɗaukar kayanki. Ƴan sa-kai ne, su ma suna gajiya, su ma ana musu gori. Amfaninsu mafi girma ga ma'aikacinki shi ne kada ya shiga gari shi kaɗai kamar baƙon da ya zo tonon asiri. In kin tura sabon mutum wani yanki, ki raka shi ranar farko, ki gabatar da shi wurin mai gari da liman da shugabar mata. Maganar da liman ya faɗa a kan auren ƴar shekara goma sha uku ta fi takardarmu goma nauyi, kuma a nan Damagaram fada na da bakin da ake ji.

Yanzu ga ciwon da ba a gani. Masaniyar halayyar ɗan Adam Christina Maslach, wadda ta yi shekaru tana nazarin masu aikin hidimar jama'a, ta nuna ƙonewar zuciya a wurin aiki na da fuska uku: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, bushewar zuciya ga mutanen da ake yi wa hidima, da jin cewa duk abin da mutum ya yi a banza ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundinta a matsayin abin da yanayin aiki ke jawowa. Fuskar tsakiyar, wato bushewar zuciya, ita ce ke ba ni tsoro. Ki saurari yadda suke magana. Ranar da "yarinyar nan ta Garin Malam" ta koma "wani fyaɗe ne ya zo", ranar da aka fara ba'a da uwar da ta zo kuka, ranar da ma'aikaci ya daka wa almajiri tsawa don ya taka masa tabarma, an kai wurin. Ba mugunta ce ta same shi ba. Zuciya ce ta yi kanta, kamar tafin hannun mai daka. Akwai kuma akasin haka, wanda labaran suka shige shi har gida. Na san lokacin da na hana ƴata shiga ko gidan maƙwabta, ina zargin duk namijin da ya gaishe ta, ina farkawa tsakar dare da muryar wata yarinya a kunnena. Ban san suna gare shi ba sai daga baya.

Mu kuwa maganinmu ɗaya: "Yi haƙuri, Allah Ya ba da lada." Ni Musulma ce, kuma na shaida niyyar lada ta riƙe mutane a wannan aiki inda albashi ba zai riƙe su ba. Amma na ƙi jinin shugaban da ke biyan kuɗin esansi da lada. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Ruwan shi ne zama. Kowane ma'aikaci, awa ɗaya, in ya yiwu duk mako, in bai yiwu ba duk mako biyu, ƙofa a rufe, waya a kife. Ranar ta zama sananniya, kada ki ɗage ta don wani baƙo ya zo daga Yamai. Ba zaman karɓar rahoto ba ne. Ki ce, "Wane yaro ne ya hana ka barci a makon nan?" sannan ki yi shiru. Mako biyun farko za su ce lafiya lau, don mu mutane ne masu kara, kuma ba a saba shugaba ya tambaya don Allah ba. Ki jure. A na uku ko na huɗu wani zai fara. Kada ki yi saurin ba da mafita, kada kuma abin da aka faɗa a ɗakin ya fito a takardar auna ƙwazo, in ya fito sau ɗaya kin rufe bakinsu har abada. Wanda kika ga abin ya fi ƙarfin hira, barci ya ƙaurace, yana maganar da ba ta yi miki daɗi ba, ki haɗa shi da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa a asirce, ki kuma sauke masa dosiyoyin fyaɗe na ɗan lokaci. Irin waɗannan dosiyoyi ma bai kamata su taru a kan mutum ɗaya ba don kawai "ita ta iya da su". Wadda ta iya ɗin ita ke fara karyewa.

Wayar dare kuma ki yi mata tsari. Lamba ɗaya ta aiki, tana zagayawa mako-mako, wanda ya kwana da ita ya samu hutun yini. In ba haka ba duk ɗan sandan da ya tsinci yaro a tasha ƙarfe biyun dare lambar mutum ɗaya zai kira, mai kirkin cikinsu, har ranar da shi ma zai koyi kashe waya.

Ki yi yaƙi a kan ƙaramin asusun gaggawa, ko da jika hamsin ne a wata, a hannunki, da littafinsa. Kyautar magani da aka kafa tun 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara biyar ce. Ɗan shekara tara da aka kawo da ƙuna ko karaya fa? Yaron da ya kwana biyu bai ci ba kafin a gano danginsa? Kuɗin motar maida shi Dungas? Ki tambayi mutanenki nawa suka fitar daga aljihunsu a watan jiya, ki rubuta. Za ki sha mamaki, kuma wannan lissafin shi ne hujjarki a gaban manya. Haka esansin moto da kuɗin kiran waya: a ba da su kafin tafiya. "Je ka yi, za a biya ka" ya kashe zuciyar ma'aikata fiye da zagi.

Wani abu da ba a son faɗa: atiliye da kuɗin zama. A wurin da albashi ya gaza, kwana uku a otal da perdiyam rabin albashi ne, kowa ya san haka. In kullum mutum biyu ne ke tafiya, ko kuwa ke ce, to sauran sun gama yanke hukunci: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ki liƙa jerin sunaye a bango, a bi layi, wanda ya dawo ya koya wa saura abin da ya ji. Ke ma ki bar wasu su wuce ki.

Mata kuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin, tafiyarsu sau da yawa daga gida take farawa. Miji ya gaji da dawowar dare, uwar miji ta fara magana, an tura ta gari mai nisa ga goyo. Hutun haihuwa mako 14 ne a dokar aiki, ki tabbata ta samu cikakke, kuma kada ta dawo ta tarar da dosiyoyinta sun yi wata uku ba wanda ya taɓa. Kada ki tura mace ita kaɗai gidan da ake zargin mai gidan da duka.

Me ya sa duk wannan ya cancanci wahalarki? Wani bincike da aka yi a gundumar Milwaukee ta Amurka a 2005 ya gano cewa yaran da ma'aikaci ɗaya ya riƙe dosiyensu, kusan kashi 75 cikin ɗari sun samu matsuguni na dindindin, waɗanda aka canza musu zuwa na biyu kuwa abin ya faɗo ƙasa da kashi 18. Tsarinsu daban da namu, amma dalilin na gan shi da idona. Yarinyar da ta yi wata biyu kafin ta iya faɗa wa mutum ɗaya abin da kawunta ya yi mata, ba za ta sake faɗa wa baƙuwar fuska ba. Za ta ce ba komai. Sai a rubuta "ba komai" a rufe. Don haka in wani zai tafi, ki roƙe shi mako biyu, ya ɗauki magajinsa su shiga gidajen tare, ya ce wa yaron, "Ga wanda zai ci gaba da zuwa, na yarda da shi."

Masu tafiya ki sallame su da fuska a sake, ki rubuta musu shaida mai kyau. Gobe za ki same su a wata ƙungiya ko a meri, su buɗe miki ƙofa. Kada ki tambaye su dalili ranar tafiya, za su ce "wani ɗan abu ne ya samu". Ki bari wata uku su wuce, ki kira huɗun nan ɗaya-ɗaya, ku sha shayi. A nan za ki ji gaskiya, kuma ki shirya, wataƙila wani ɓangarenta a kanki yake. Ni an taɓa gaya mini cewa ba na yabo sai gyara, kuma gaskiya ne.

Ke kanki ki nemi wata tsararki mai irin kujerarki, ku riƙa zama ko sau ɗaya a wata, don na ga alamar gajiya a rubutunki.

Ranar Litinin kada ki kira taro, "to" za ki sake ji. Ki kira su ɗaya-ɗaya, ki tambayi kowanne wane gida ne yake kauce wa zuwa, kuma me aka yi wa mutanen gidan alkawari. In ya ambata, ki ɗauki mayafinki ku tafi tare, ke za ki yi sallama.